Baƙon da kotu ke nema

Malam Edita,

Har yau abin da ya faru a Abuja a watan Yulin 2013 yana ci mini tuwo a ƙwarya. Omar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, ya zo taron Tarayyar Afirka, aka tarbe shi hannu bibbiyu, alhali Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya na nemansa tun 2009 kan ta'asar Darfur. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa kotun, a 2001, don haka kama shi na wuyanta. Sai da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka garzaya wata kotun Najeriya, ya fice ba a tashi taron ba. Gwamnati ta fake da matsayar Tarayyar Afirka ta ƙin ba kotun haɗin kai wajen kama shi. Me za mu ce wa matan Darfur da aka ƙone ƙauyukansu, suna sansanonin gabashin Chadi har yanzu?

Naka,
Mai karatu daga Zariya