Wasiƙa zuwa ga aminina a kan yadda kiɗa da waƙa suka juya

Bauchi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, saƙonka ya iso, kuma tambayar da ka rufe shi da ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka ce yaranka sun kunna maka waƙoƙin Hausa na yanzu ka kasa gane kansu, har kana tambaya ko mu da muka zauna gida mun lura da lokacin da abin ya juya. Mun lura, kuma a ganina duk lokacin da mai biyan mawaƙi ya sauya, salon waƙar ma sauyawa yake yi.

Ka tuna waɗanda muka taso muna ji a Rediyon Kaduna da kuma kaset. Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo makaɗan kotso ne da suka ginu a fada, inda ubangida ke ba da riga da doki da hatsi, saboda haka waƙarsu take da tsawo, tana bin asalin sarki kaka da kakanni, tana yi wa abokan hamayyarsa zambo. Mamman Shata kuwa da kalangunsa bai ɗaure kansa ga fada ɗaya ba. Ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yana faɗar halin talaka, Barmani Choge kuma tana cikin mata da ƙwaryarta tana amada. In ka ɗebe irin su Ɗan Maraya, waƙa a wancan zamani aikin taro ce, ga makaɗa, ga 'yan amshi, ga sanƙira, kuma mawaƙi yana ƙara baiti nan take gwargwadon wanda ya shigo fili da abin da ya liƙa. Shi ya sa za ka ji waƙar Shata guda a kaset biyu, kowanne da nasa zancen.

Disko da rege sun ratsa ta kanmu muna 'yan makaranta, amma ba su yi saiwa ba. Abin da ya yi saiwa shi ne finafinan Indiya, waɗanda aka shekara da shekaru ana kallo a silima har karin waƙoƙinsu ya zauna a kunnen Bahaushe, ya kai ga wasu masu bandiri a Kano suna ɗora begen Annabi a kansa. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama daga 1990, sai suka tarar da kunnen a shirye. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, aka haifi abin da ake kira nanaye, inda namiji da mace ke musayar baitocin soyayya. Nan ne babban juyin ya auku, domin mai shirya fim ne ya zama ubangida, yaro ɗaya a gaban fiyano ya maye gurbin ayarin makaɗa, mawaƙi kuma ya ɓuya a bayan jarumin da ke motsa baki. Sai daga baya irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka fito da kundin waƙoƙinsu, jama'a suka san fuskokin masu muryar, Aminu Ala kuma ya nuna cewa ana iya ɗora tsararriyar waƙa mai ƙafiya da nauyin ma'ana a kan fiyanon.

Wayar hannu ce ta sake birkita lissafin. In ka shiga kasuwar Wunti za ka iske masu tura waƙa suna cika wa mutum memori da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, ko sisi kuma ba ya isa ga mawaƙin. Dole ya nemi abinci a gidan biki, ko a YouTube, ko wajen 'yan siyasa. Wannan na ƙarshen yakan ba ni dariya, domin Dauda Rarara, wanda ya yi tashe a zaɓen 2015, aikin makaɗan fada yake yi na yabon ubangida da yi wa abokin hamayya zambo, sai dai fadar ce ta koma jam'iyya. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ƙasa ta hanyar gajerun bidiyoyin da mata ke ɗauka suna rawa, kuma tun daga nan mawaƙa da dama suke gina waƙa a kan amshi guda da zai dace da TikTok. Ga kuma 'yan hip-hop masu gauraya Hausa da Turanci, waɗanda tashar Arewa24 ta buɗe wa ƙofa bayan kafuwarta a 2014.

Ba na cikin masu cewa waƙar yanzu fanko ce, don akwai yaran da ke da azanci da iya sarrafa harshe. Abin da ke damuna shi ne makaɗa. Kalangu magana yake yi, gwani yakan kira sunan mutum da kirarinsa da ganga kawai a gane, abin da fiyano bai iya ba. Tun rasuwar Shata a 1999, da Barmani a 2013, da Ɗan Maraya a 2015, gidajen biki a nan sun fi ɗaukar dije da lasifika saboda sauƙin kuɗi, 'ya'yan makaɗa da yawa kuma sun kama wata sana'ar. Algaita da kakaki dai suna nan a ƙofar fadar Sarkin Bauchi, ana busa su ranar hawan salla.

Ka rubuto mini sunayen mawaƙan da yaran naka suke saurare, zan aika musu da tsofaffin da suka dace su gwada. Ka gaishe mini da mutanen gida baki ɗaya.

Wassalam,
Amininka