Zuwa ga Autata, kan maganar rawa

Auta,

Ina gaishe ki, ke da Gwaggonki da yaran gida. Mu nan Maraɗi sai godiya, ruwa ya zauna, har an gama noman fari.

Saƙonki na murya sau uku na saurare shi. Kin ce kin samu BAC, takardar gama sakandare, kin cika mana alkawari, yanzu a bar ki ki bi rawa, jami'a ta jira. Ban kira ki ba, don na san da na buɗe baki kuka zai riga magana.

Ba ni ce zan ce miki rawa abin kunya ce ba. Zamanin ƙungiyoyin Samariya, lokacin mulkin Seyni Kountché, ni ma na taka. Bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, kowace jiha sai ta shekara tana shirinsa, kuma ban taɓa son wani abu kamar a zaɓe ni in wakilci Maraɗi ba. An zaɓe ni ɗin. Saura kwana tara a tafi, muna gwaji a kan daɓen siminti, ba takalmi, na diro sai na ji ƙas a gwiwar hagu. Mai kalangu bai ma lura ba, ya ci gaba da kiɗinsa. Wannan gwiwar ce kike gani ina miƙewa a gefe in zan yi tahiya. Babu wanda ya taɓa koya mana ɗuma jiki kafin rawa, ko ya ce siminti na cin gaɓa. Na dawo gida ba rawa, ba takarda, don a aji huɗu na bar lakwal.

Shi ya sa da kika ambaci makarantar rawa ta École des Sables raina ya yi fari. Na sa yayanki ya karanto mini labarinta. Germaine Acogny da mijinta suka kafa ta a Toubab Dialaw, bakin teku, ƙasar Senegal, kuma har da filin da ake rawa a kan yashi. Ka ji masu tausayin gwiwa! Matar nan a 1944 aka haife ta, a 2021 aka ba ta babbar lambar yabo ta rawa a Venis, ƙasar Italiya. Kusa da mu ma akwai cibiyar rawa ta La Termitière a Wagadugu, ta su Salia Sanou da Seydou Boro. Ina so ki je, wallahi ina so.

Amma ki duba yadda abin yake. Zaɓe ake yi, daga ƙasashe da yawa, kuma horon zango-zango ne, na makwanni ko watanni. In zango ya ƙare gida za ki dawo. A nan kuwa me ke akwai? Biki, suna, taron siyasa, sai ɗan wasa a gidan matasa. Wata rana a yi miki liƙi har ki rasa inda za ki sa kuɗi, sannan ki yi wata biyu ba ko dala. In azumi ya kama, ganga ta shiga ɗaki. Kin kuma san bakin mutanen garinmu a kan ɗiya mace mai rawa. Ni zan iya jurewa, amma wadda ke da takardarta a hannu ba kowa ke iya taka ta ba.

To ga shawarata. Ki yi rajista bana, ko nan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko can Abdou Moumouni ta Yamai. Na fi son Yamai, duk da kewarki za ta dame ni, don can ne masu koyarwa da ƙungiyoyin rawa suka fi yawa. Lisans, wato digirin farko, shekara 3 ce. Za ki ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma jiki ba ya jira. Gaskiyarki, shi ya sa ban ce ki ajiye rawa ko na mako ɗaya ba. Ki nemi malami na ƙwarai, wanda ke sa ɗalibansa su miƙe jijiya kafin a buga ganga, ki riƙa zuwa kullum da la'asar. Ki ɗauki bidiyon aikinki mai kyau, ki aika wa makarantun nan. Ranar da suka kira ki, ko tsakiyar karatu ne, mu zauna mu duba. Zuwa lokacin kina da shekara 22 kin gama, gwiwarki lafiya lau in Allah ya yarda.

Kuɗin mota da fasfo kada su dame ki. Kwasata ta adashi a watan 12 take, na riga na ƙulle ta da sunanki.

Babanki bai ce e ba, bai ce a'a ba. Jiya dai na tarar da shi yana kallon bidiyon nan naki a wayar yayanki, da ya gan ni ya kife ta a tabarma. Ki bar mini shi, amma ki kira shi ranar Juma'a bayan masallaci, ki fara da maganar rajista.

Na ba direba ƙuli-ƙuli da yajin daddawa, ki raba da Gwaggo. Takardar haihuwarki tana cikin ledar, a ƙasan ƙuli-ƙulin, kada ki jefar.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki