Maharban doki suna da magani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tanka wa masu cewa a wasannin yaƙi na kwamfuta irin su Medieval II: Total War, wai maharban Mongol masu hawan doki sun gagari kowa.

Ni ma na sha kashi a hannunsu, kuma laifina ne. Da sun juya kamar za su gudu sai in bi su a guje, su kuwa su waiwayo su yi mini ruwan kibau. Yanzu na daina bi. Nakan girke maharbana na ƙasa a kan tudu, in jera masu mashi a gabansu, in yi shiru in jira. Doki ƙato ne, kibiya ba ta shan wahalar samunsa, kuma dakarun ƙasa sun fi maharban doki yawa da tsayuwa. Kada dai a bar gefensu a buɗe, nan ne ake cin amana.

Ba sabuwar dabara ba ce. A yaƙin birnin Yafa na ƙasar Falasɗinu, a shekarar 1192, Sarki Richard na Ingila ya durƙusar da masu mashi, ya ɓoye masu baka mai kunama irin ta bindiga a bayansu, dawakin Salahuddin suka kasa kutsawa.

Naku,
Wani mai karatu