Likita, mu yi wa ɗana tiyata yanzu ko mu jira ya girma?

Assalamu alaikum Likita. Allah ya saka maka da alheri bisa yadda kake wayar mana da kai a wannan shiri.

Ɗana watansa 7. Tun ranar haihuwa aka lura ƙofar fitsarinsa tana ƙasan gabansa, wajen tsakiya, gaban kuma ya ɗan lanƙwashe. Fatar da ake yankewa wajen kaciya ma ta taru a sama, ƙasan babu. Likitan tiyatar yara ya ce lalurar sunanta haifosfadiyas, ana samunta a kusan yaro 1 cikin 200 zuwa 300, kuma an fi son gyara ta tsakanin wata 6 da wata 18. Ya ja mana kunne sosai kada a yi masa kaciya, domin da wannan fatar ake gyara hanyar fitsarin.

Ni da maigidana mun kasa daidaitawa. Shi yana ganin tunda yaron yana fitsari lafiya, ba ya kuka, a bari ya yi ƙwari. Ni kuma ina tuna ranar da zai shiga makaranta, abokansa suna fitsari a tsaye shi yana jiƙa wando, ya fara ɓuya. An ce idan aka yi aikin da wuri yaro ba ya ma tunawa. Amma ba zan ɓoye maka ba, maganin barcin da za a ba jariri kamar wannan shi ke hana ni runtsawa. Ga robar fitsari da za a bar masa kwanaki bayan aikin, ga batun cewa wani lokaci ɗinkin yakan buɗe, fitsari ya riƙa yoyo ta wata 'yar kafa har sai an sake tiyata.

Akwai kuma abin da kunya ta hana ni tambaya a asibiti: idan ya girma, zai iya zaman aure ya haihu kamar kowa?

Don Allah Likita, jiran da mahaifinsa ke so yana da illa? Yaya girman haɗarin maganin barci a wata 7? Me ya kamata mu tambayi mai tiyatar kafin mu sa hannu? Zan sa maigidana ya saurari amsarka tare da ni.

Wassalam,
Mahaifiyar yaron