Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya kan dashen ƙwai da inshorar lafiya

Mai girma Minista, assalamu alaikum. Allah ya taya ka riƙo.

Ni malamar makaranta ce, shekarata 9 da aure, kuma a watan gobe ake sa ran zan fara allurar da za a shirya jikina domin dashen ƙwai, wato abin da likitoci ke kira IVF. Ina rubuto maka ne a kan magana ɗaya: dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan Nijeriya shiga tsarin inshora, amma tsarin bai ɗauki dashen ƙwai a cikin ayyukan da yake biya ba, tamkar rashin haihuwa wani kwalliya ne da mai sha'awa zai saya wa kansa.

Ka fi ni sanin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa rashin haihuwa a cikin cututtuka, kuma a rahotonta na Afrilun 2023 ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya yana fuskantarsa a wani lokaci na rayuwarsa. Ka kuma san cewa a ƙasarmu da yawa daga cikin matan da bututun mahaifarsu ya toshe sun gamu da hakan ne ta hanyar ciwon sanyi da ba a magance da wuri ba, ko ɓarin da ba a kula da shi yadda ya kamata ba. Nawa bututun haka ya toshe, bayan ɓarin da na yi a shekarar farko ta aurena. Raunin asibitocinmu ne ya jefa irinmu cikin wannan hali, sannan idan muka zo neman mafita sai a ce mu ji da kanmu.

Bari in faɗa maka abin da ake kira shiri, ko da yake a takarda ka san shi. An ɗebi jinina an auna yawan ƙwan da ya rage mini, an yi hoton mahaifa da na bututu, an gwada maniyyin maigidana har sau biyu, kuma duk da kuɗinmu. Abin da ke gaba shi ne allura kullum ta kwana 10 zuwa 12, a riƙa komawa hoto ana duba girman ƙwai, sannan a yi allurar ƙarshe wadda dole a ciro ƙwan kimanin awa 36 bayanta, ba a gaggauta ba, ba a jinkirta ba. Daga nan a haɗa shi da maniyyi a ɗakin gwaji, a mayar cikin mahaifa bayan kwana 3 zuwa 5, sai zaman jira na mako 2. Magungunan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma tun da aka saki naira a 2023 kowane zuwa da sabon lissafi ake tarbarmu. Wasu daga cikinsu sai a firij suke zama, a garin da ake kwana ana wuni ba wuta. Ni dai na riga na roƙi maƙwabciyata mai sola ta ba ni gurbi kusa da kunun ayar da take sayarwa.

Lissafin da aka ba mu na zagaye ɗaya ya kai miliyoyin naira, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Na sayar da gwal ɗin aurena, na kwashi adashi biyu, maigidana ya jinginar da filin da ya gada. Likitan ya yi mana adalci, ya gaya mana cewa zagayen farko yakan gaza fiye da yadda yake yin nasara, kuma damar tana raguwa sosai idan mace ta wuce shekara 35. Ni shekarata 36. Shekaru 4 da na yi ina tara kuɗin nan, a cikinsu ƙwan nawa yake ƙarewa.

Ranka ya daɗe, ban manta da alkawarin da aka yi a Disambar 2023 ba, lokacin da kuka ƙaddamar da shirin sabunta fannin lafiya da cewa kula da lafiya za ta isa ga kowa. Na kuma yi murna da sanarwar da kuka yi a Nuwambar 2024 ta yin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, domin za ta ceci rayuka. Sai dai ina tambaya, mu da ba mu kai ga naƙudar ba, a wane layi za mu tsaya? Ko kuwa "kowa" ɗin nan sai mai ciki? Alkawarin da shugabannin ƙasashen Afirka suka yi a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, ya girme wasu ɗalibaina da suka yi aure suka haihu, amma har yanzu ba mu ga cikarsa ba.

Idan kuma ana tsoron abin da malamai za su ce ne, wannan magana an daɗe da rufe ta. Tun 1986 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman, ta halatta dashen idan ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma aure yana nan. Jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya an haife ta a Ingila a 1978, yau ita ma uwa ce. Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja yana yin aikin, haka wasu asibitocin koyarwa. Gwaninta akwai, kuɗin ne ya tsare ƙofa.

Ina roƙonka don girman Allah ka dubi abin da rashin nan yake yi wa mata. Ana kiran mu juya a bayan ido, wani lokaci a gaban ido. Dangin miji su fara zancen ƙarin aure tun kafin a gwada ɗansu, alhali likitoci sun tabbatar cewa a gidaje da yawa matsalar daga namiji take. Wadda ba ta da halin asibiti kuwa sai ta faɗa hannun masu jiƙe-jiƙe da 'yan damfara, ta rasa kuɗi, ta rasa lafiya, wata ma ta rasa auren.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin ma'aikatarka ba. A shigar da gwaje-gwajen gano dalilin rashin haihuwa, na miji da na mata, cikin abin da inshora ke biya gaba ɗaya. A ɗauki nauyin zagaye ɗaya na dashe, ko da rabinsa ne, a asibitocin gwamnati da suke yi, kuma a sayo magungunan a dunƙule domin farashi ya sauka. Akwai kuma batun dokar sa ido kan cibiyoyin dashe, wadda ƙudirinta ya daɗe yana kai-komo a Majalisar Tarayya, da batun ƙarancin cibiyoyin a Arewa, amma waɗannan na bar su sai wani lokaci.

Ni nawa na riga na biya, ko an yi gyara gobe ba zai dawo mini da gwal ko fili ba. A ɗakin jiran asibitin nakan zauna da mata da suka zo daga Gusau da Azare, su karɓi takardar lissafi, su ninke ta su sa a jaka, ba na sake ganinsu. Saboda su nake jiran amsarka.

Wassalam.
Wata malamar makaranta daga Zariya