Bos ɗin Casablanca ba ɗan Nazi ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta rubutun da kuka buga kan tsofaffin fina-finan Amurka, kuma na ji daɗinsa. Sai dai da marubucin ya zo kan Casablanca na 1942, ya yi ta yabon Humphrey Bogart da Ingrid Bergman, shi kuwa wanda ya fito a Manjo Strasser, hafsan Nazi kuma bos ɗin fim ɗin, sai aka sallame shi da "wani Bajamushe ɗan Nazi". Nan fa aka ci haƙƙin mamaci.

Sunansa Conrad Veidt, haifaffen Berlin ne a 1893. Tun zamanin fim marar magana ya yi suna a Jamus, har Hollywood ta ɗauke shi wajen ƙarshen shekarun 1920. Da fim mai magana ya shigo, Turancinsa bai nuna ba, sai ya tattara ya koma gida.

A 1933, shekarar da Hitler, shugaban 'yan Nazi masu ƙin Yahudawa, ya hau mulki, Veidt ya auri Ilona Prager, Bayahudiya. Lokacin ana tilasta wa 'yan fim su cike takardar bayyana asalinsu. Shi ba Bayahude ba ne, amma da ya zo gurbin sai ya rubuta Bayahude. Ya san sarai abin da kalmar nan za ta jawo masa, alhali ga shi da suna, ga kuɗi, ga gwamnatin da za ta so ta yi ado da shi. Ya bar musu ƙasar, ya ɗauki matarsa suka nufi Ingila. A 1939 ya zama ɗan Birtaniya, kuma da yaƙi ya ɓarke ya zuba dukiyarsa wajen taimaka wa Birtaniya ta yaƙi ƙasar da aka binne cibiyarsa.

To da ya sake komawa Amurka, wane aiki aka riƙa ba shi? Na 'yan Nazin da ya gudo wa. Dogo ne siriri, ga ido mai kaifi, ga harshen Jamusanci a bakinsa, masu shirya fim kuwa ba su ga komai ba sai bos.

Kwanaki muka kalli fim ɗin da ƙanena a waya, muna zaune a zaure. Inda aka harbe Manjo a filin jirgi, kan tarho a hannunsa, sai yaron ya buga cinya ya ce, "Allah ya ƙara!" Na yi dariya, don mu ma nan haka muke yi wa masu fitowa a mugu a fina-finanmu, a tare mutum a kasuwa ana yi masa Allah ya isa kan matar da ya saka a fim. Yaro dai a yi masa uzuri, amma ba na yi wa jarida.

Veidt bai ga faɗuwar Hitler ba. Ciwon zuciya ya kayar da shi a filin wasan golf a Los Angeles ranar 3 ga Afrilu, 1943, yana da shekara 50, watanni kaɗan bayan fitowar fim ɗin.

Ina roƙon ku gyara a fitowa ta gaba, ku kuma rubuta sunansa cikakke.

Naku,
Mai karatunku daga Zariya