A Bar wa Fina-finan Kaboyi Faɗinsu da Tsawonsu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake datse tsofaffin fina-finan kaboyi kafin su iso idon yaranmu.

Na fi shekara talatin ina tara waɗannan fina-finai. Da kaset ɗin bidiyo na fara, da zamaninsa ya shuɗe na koma faifan DVD. Yau ina da 146 a akwatin ƙarfe biyu, kuma kowanne na rubuta sunansa da shekararsa da daraktansa da yawan mintocinsa a wani littafi mai jan bango. Ranar Asabar da ta wuce jikana ya shigo da murnarsa, waya a hannu, ya ce, "Kaka, ga fim ɗinka nan na samo." Na karɓa na duba. Ƙarshen The Good, the Bad and the Ugly ne na 1966, wurin da mutum uku suke tsaye a tsakiyar maƙabarta. Amma mutum ɗaya kawai nake gani, shi ma rabin malafarsa ta fita daga allo. An yanke gefe da gefe don hoton ya cika waya a tsaye. Yaron ya kalla ya ce shi bai ga abin da ya sa nake yabon wurin nan ba. Wallahi ban ga laifinsa ba, domin abin da aka ba shi ke nan.

Wanda ya ga wurin yadda darakta Sergio Leone ya ɗauke shi ya san abin da nake nufi. Clint Eastwood da Lee Van Cleef da Eli Wallach suna ja da baya a hankali, kowa ya kama kusurwarsa a cikin wani da'irar fili da aka shimfiɗe da duwatsu, kaburbura sun kewaye su har iyakar gani. Duk fargabar tana cikin tazarar da ke tsakaninsu, saboda mutum ba zai iya harbin biyu a lokaci guda ba, kuma bai san wanda zai fara juyowa kansa ba. Sai kyamara ta riƙa matsowa, daga jiki zuwa hannu kusa da bindiga, daga hannu zuwa ƙwayar ido, kiɗan Ennio Morricone yana hawa. To idan ka cire mutum biyu daga hoton, me ya rage? Wani bawan Allah ne kawai yake zare ido shi kaɗai. Maƙabartar nan ma sojojin Sifaniya ne suka gina ta musamman don fim ɗin a yankin Burgos, kuma daga 2015 masoya fim ɗin suka riƙa zuwa da fatanya da shebur suna tone ciyawa da ƙasar da suka binne duwatsun. Wasu suna wahala haka don su dawo da wurin, wasu kuma suna yanke shi da ɗan yatsa.

Lissafin a fili yake. Faɗin hoton Leone ya ninka tsayinsa sau 2.35, tsohuwar talabijin kuwa sau 1.33 ne. Kaset ɗin da muka yi ta kallo a da, wanda hoto ke cika allo ba baƙin layi sama da ƙasa, ya zubar da kusan kashi 43 cikin ɗari na abin da aka ɗauka. Ni kaina sai da na samu faifai mai cikakken faɗi na gane cewa shekara da shekaru ragowar fim nake kallo. Baƙin layin nan da mutane ke ƙorafi a kansa shi ne shaidar cewa ba a taɓa hoton ba. Akwai kuma kishiyar wannan ɓarna. Stagecoach na 1939 da High Noon na 1952 an yi su ne kafin faffaɗan allo ya yaɗu, hotonsu ya kusa zama murabba'i. Sai ka ga an ja su da ƙarfi don su cika talabijin ta zamani, Gary Cooper, jarumin High Noon, dogon mutum siriri, ya koma gajere mai ƙiba, dawaki kuma kamar an danne su.

Bayan faɗi sai tsawo. Once Upon a Time in the West na 1968 yana da minti 165, amma da ya isa Amurka an zabge masa kusan minti 20. Buɗewarsa mutum uku ne a tashar jirgin ƙasa suna jira, kusan ba magana: ƙarar injin iska mai tsatsa, ƙuda yana damun ɗaya, ruwa yana ɗiga kan malafar wani daga cikinsu, wato ɗan wasa Woody Strode. Na taɓa sayen wani faifai da aka gutsure wannan jiran, wai don a kai ga harbi da wuri. Na mayar da shi washegari. Shi ya sa nake rubuta mintoci a littafina, kuma duk mai son tarawa ina ba shi shawara ya duba bayan kwali kafin ya saya.

Wani zai ce ai komai yana intanet, me za a yi da faifai? Abin da yake can yau gobe ana iya sauke shi, kuma ba kai kake zaɓar irin kwafin da za a ba ka ba. Fim yana ɓata, ɓata na har abada. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan ƙasar na zamanin da ba sauti sun salwanta. Gobarar da ta tashi a rumbun kamfanin Fox a jihar New Jersey a 1937 ta cinye akasarin waɗanda Tom Mix ya yi wa kamfanin, alhali a zamaninsa da wuya a sami kaboyin da ya kai shi suna.

Kuma fina-finan nan sun wuce labarin akta da bos. Shane na 1953 rikicin manoma da masu garken shanu ne a Wayomin ta Amurka, bayan dokar ƙasar ta 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma eka 160, waya mai ƙaya kuma ta zo ta rufe makiyaya. Suna da nasu aibin, ba na ɓoyewa. Mutanen da muka taso muna kira Indiyawan daji su ne asalin masu ƙasar, kuma yawancin fina-finan sun mai da su abin harbi kawai. Baƙar fata ma, da masana tarihi ke ƙiyasta sun kai ɗaya cikin huɗu na masu kora shanu daga Tekzas zuwa Kansas, da ƙyar kake ganinsu. Ina zama da jikokina in nuna musu wannan, amma a guntun minti ɗaya ba yadda za a yi su gani.

Roƙona, Malam Edita, ku ware ko da rabin shafi ne sau ɗaya a wata don tsofaffin fina-finai, ku riƙa faɗa wa masu karatu ainihin tsawon kowanne da faɗin hotonsa. Idan kuna bukata, zan kwafo muku abin da ke cikin littafina in aiko. Jikan nawa kuma mun yi da shi zai dawo Asabar mai zuwa mu kalli fim ɗin daga farko, na riga na ciro faifan na goge shi.

Wassalam.

Naku,
Wani dattijo mai karanta jaridarku